Injinan dako huɗu da ƙofa ɗaya: abin da ya faru a wani sito na Aboabo

Ranar Lahadin da muka fara sakin injinan dakonmu huɗu gaba ɗaya, wato Kore da Shuɗi da Ja da Fari, ba su yi minti biyar suna aiki ba suka tsaya cik. Kore na bakin ƙofar ɗakin baya yana neman shiga. Shuɗi na daga ciki ɗauke da katan ɗin madara yana neman fita. Ja ya zo ya tsaya a bayan Kore, ya toshe masa hanyar komawa. Fari kuwa, tun da ya sauke nasa kayan a bakin get, sai ya zauna jiran umarnin da ba zai zo ba, domin manhajar ba ta sake rabon aiki sai kowa ya gama na hannunsa. Ba abin da ya lalace. Batir cike, taya lafiya, kowannensu na yin daidai abin da aka koya masa: in ka ga abu a gabanka, tsaya har ya kauce. Sai ga shi abin da ke gaban kowa ɗan'uwansa ne, shi ma yana jira a kauce masa.

Na rubuta wannan bayani ne domin malamai irina da ɗaliban da ke sha'awar fannin. Kuskuren da muka yi ba na waya ba ne, ba na walda ba, na tunani ne, kuma duk wanda ya haɗa inji fiye da ɗaya a wuri guda zai tarar da shi a gabansa.

Ni malamin lissafi da kwamfuta ne a wata sakandare a nan Kumasi. Asabar da Lahadi nakan zauna da wasu matasan Zango su shida, maza huɗu mata biyu. Biyu daga cikinsu na karatun injiniya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, sauran 'yan sakandare ne. Abin da ya fara motsa mu shi ne bidiyon ɗakunan ajiyar Amazon, inda ƙananan injina ke kutsawa ƙarƙashin kanta su ɗago ta su kai wa ma'aikaci. Kamfanin Kiva ne ya ƙirƙiro su, Amazon ta saye shi a 2012 kan dala miliyan 775, a 2025 kuma ta sanar cewa mutum-mutumin da ke mata aiki sun kai miliyan ɗaya. Ba ma sai an je Amurka ba: tun 2019 jiragen Zipline marasa matuƙi ke kai jini da magani asibitoci a Ghana, kuma akwai sansaninsu ɗaya kusa da Mampong, nan yankin Asante. Tambayar yaran ita ce, wa ke faɗa wa kowane ɗaya inda zai je, kuma me ya hana su karo?

Kawuna, Alhaji, yana da siton sari a unguwar Aboabo: madara, tumatirin gwangwani, sabulu, taliya, biskit, duk a katan. Masu aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku mai bodi a baya, su ke zuwa su yi lodi su kai wa masu shaguna a Kejetia da Asafo da Tafo. Asali shaguna biyu ne aka fasa bangon tsakaninsu, shi ya sa siton ya zama ɗakin gaba da ɗakin baya, tsakaninsu ƙofa guda wadda mutum biyu masu kaya ba sa iya giftawa a cikinta lokaci ɗaya. Ranar Lahadi kasuwa ba ta ci sosai a Kumasi, sai Kawu ya ba mu wurin daga azahar zuwa magariba.

Jarida na kiran irin waɗannan mutum-mutumi, amma namu ba kai ba hannu. Faranti ne mai taya, faɗinsa na katan ɗaya, don haka muka sa musu suna injin dako. Wani mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai, ya haɗa mana ƙarafan, injin waifar tsofaffin motoci ke juya tayoyin, batirin babur ke ba su wuta, ɗan allon ESP32 ke karɓar umarni ta wayfai. A gaba akwai ɗan ido mai auna tazarar abin da ke gabansa. Muka zana ƙasan siton da fenti gida-gida kamar gurabun dara, muka rataya kyamara biyu a rufi, ɗaya a kowane ɗaki, suna karanta alamar da ke bisa kowane inji. Tunda ba su da hannu, yaro ɗaya ke ɗora musu katan a gindin kanta, wani ya sauke a get. Kwamfutar da ke juya su duka, yaran suka ce ai Madugu ke nan, tunda mu jikokin fataken goro ne, kuma ayari ba ya tafiya ba madugu.

Wa zai ɗauki wane, ta ina zai bi

Tun daga farko na raba yaran gida biyu. Uku su rubuta ɓangaren rabon aiki, uku su rubuta na zaɓen hanya. Abu ɗaya tak ke wucewa tsakanin ɓangarorin: masu hanya su faɗi gida nawa ne tsakanin inji kaza da kanta kaza, masu rabo su ɗauki wannan lambar su yi lissafi da ita. A lokacin na ga tsari ne mai kyau, haka ma littattafai da yawa ke jera darussan. A nan ne aka shuka abin da muka girba a bakin ƙofa, sai dai ba mu gane ba sai bayan makonni.

Masu rabo sun fara da abin da kowa zai fara da shi: kowane aiki a bai wa wanda ya fi kusa. Kwana ɗaya ya ishe su ganin aibinsa. A ce Ja na da gida 3 zuwa kantar madara, gida 4 zuwa ta sabulu. Fari na da gida 5 zuwa madara, amma 12 zuwa sabulu. In aka ce na kusa ya ɗauka, Ja ya tafi madara, an bar Fari da doguwar tafiya: 3 da 12, jimla 15. In kuwa Ja ya haƙura ya ƙara taku ɗaya ya tafi sabulu, Fari ya ɗauki madara: 4 da 5, jimla 9. Sauri ya haifi nawa ke nan. Wani yaro ya ce to a gwada kowane irin rabo a zaɓi mafi kyau. Ga inji huɗu da aiki huɗu hakan na yiwuwa, rabo 24 ne kacal. Amma na sa shi ya lissafa na inji goma, ya samu 3,628,800, ya ajiye alli.

Maganin wannan tsoho ne. A 1955 wani masanin lissafi Ba'amurke, Harold Kuhn, ya wallafa dabarar da ya sa wa sunan ƙasar Hungari, don girmama masana biyu na can, Kőnig da Egerváry, waɗanda ya ɗora aikinsa a kan nasu. Za ka zana jadawali, injina a gefe, ayyuka a sama, kowane gurbi da tsadarsa, dabarar ta fitar maka da rabon da jimlarsa ta fi ƙanƙanta ba tare da ta gwada duka ba. Yaran sun rubuta ta, ta yi aiki tsaf.

Masu hanya su ma ba su sha wuya ba. Sun fara da dabarar Dijkstra ta 1959, suka koma A*, wadda Hart da Nilsson da Raphael suka fitar a 1968 a cibiyar binciken Stanford lokacin aikin mutum-mutumin nan Shakey. Bambancinsu shi ne A* tana da ƙiyasin inda aka dosa, ba ta ɓata lokaci tana leƙa kowane lungu. Da inji ɗaya a fili, abin gwanin sha'awa. Da biyu ma lafiya lau, sai jefi-jefi ɗaya ya ɗan dakata ɗaya ya wuce. Da muka saki huɗu, sai abin da na faɗa a farko. Ko a ranakun da ba su maƙale gaba ɗaya ba, odar katan ashirin takan ɗauki huɗun lokaci fiye da yadda take ɗaukar biyu.

Abin da Baba ya gani

Shugaban 'yan dakon siton dattijo ne, ya fi shekara ashirin tare da Kawu, kowa Baba yake ce masa. Ba ya aiki ranar Lahadi, amma yakan zo ya zauna kan buhu yana kallonmu. Ran da suka yi cirko-cirko, ya bari muka gama kai-komo, sannan ya ce, "Ticha, waɗannan yaran naka ba su san mai kaya ake ba hanya ba?"

Gaskiya ne, ba su sani ba. Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Kejetia ya san in ka ji "agoo!" daga bayanka, kayayo ce, wato 'yar dako, da tasa a ka, kai da ba ka ɗauke da komai kai za ka raɓe. Wannan ƙa'ida tana da takwara a ilmin: a jera injina bisa fifiko, na farko ya zaɓi hanyarsa yadda yake so, na biyu ya zaɓi tasa yana kauce wa na farko, haka har na ƙarshe. Amma kafin ka kauce wa wani sai ka san inda zai kasance da kuma yaushe. Don haka muka buɗe wa Madugu rajista, wadda yaran ke kira littafin kamu. Kamar yadda mutum ke shimfiɗa dardumarsa a sahu ranar Juma'a, haka kowane inji ke kama gida, sai dai nan kamun na da lokaci: gida na 14 nawa ne a taku na 6, a taku na 7 na sake shi. Mai neman hanya yanzu ba wuri kawai yake dubawa ba, wuri da lokaci yake dubawa, kuma tsayawa a jira ya zama taku kamar kowane taku.

Mun gwada a kwamfuta, komai daidai. Mun saki injinan, Kore da Shuɗi suka yi gaba da gaba a cikin ƙofar har katan ya zame. Mun yi kusan awa biyu muna bin rajistar layi-layi, ba mu ga inda biyu suka kama gida ɗaya a lokaci ɗaya ba. Ƙaramar cikinmu, yarinya 'yar aji biyu, ita ta ɗauki marfin kwalba biyu ta durƙusa a kan zanen ƙasa. Ta ajiye ɗaya a gida na 20, ɗaya a na 21. Ta ce, "Malam, duba. A taku na 8 wannan yana 20, wancan yana 21. A taku na 9 wannan yana 21, wancan yana 20. Ba su taɓa haɗa gida ba." Sai ta tura marafan biyu a hankali, suka yi ƙwas a kan layin fentin da ke tsakani. Rajistar na tsaron gidaje, ba ta tsaron layin da ke tsakaninsu. Tun daga ranar, duk wanda ya kama tafiya daga 20 zuwa 21 ya haramta wa kowa tafiya daga 21 zuwa 20 a wannan takun. Daga baya ɗaliban jami'ar suka ga cewa masu binciken fannin sun daɗe da ware wannan a matsayin nau'in karo na daban. Na ji daɗi da ita ta gano shi da hannunta kafin ta karanta.

Matsala ta gaba agogo ne. A rajista kowane taku tsawonsa ɗaya, a ƙasa kuwa ba haka ba. Inji mai katan ɗin tumatir ya fi mai biskit nawa, batir in ya fara sanyi tafiya na raguwa, ga ƙurar hunturu da ke sa taya sulɓi a kan siminti. Ja yakan iso gidan da rajista ta ce babu kowa, ya tarar Fari bai gama fita ba. Sai muka daina bin agogo muka koma bin jeri: rajista ta nuna wa ke gaban wa a kowane gida, kuma ba mai shiga sai kyamara ta tabbatar na gabansa ya fita. In ɗaya ya makara, na bayansa su makara tare da shi, amma ba karo.

A nan kuma ƙa'idar Baba ta nuna iyakarta. Ɗan dako in zai ba da hanya, karkacewa yake yi ya manne da kanta, ko ya ja da baya taku biyu. Inji ba ya karkacewa, gida guda cur yake ci. Maras kaya in yana layin da ke fuskantar ƙofa, wani kuma na bayansa, ba shi da inda zai raɓe ko da ya so. Tsarin fifiko na da wannan rauni sananne: yana iya cewa babu hanya alhali akwai, don kawai na gaba ya kame wuri bai bar wa na baya mafita ba. Akwai dabarar da Guni Sharon da abokan aikinsa suka fitar a 2012, wadda ke barin kowa ya zaɓi hanyarsa, ta nemo karo na farko, sannan ta gwada reshe biyu, a hana wannan ko a hana wancan, har a samu tsarin da ba karo kuma ba wanda ya fi shi. Mun duba ta. Amma ko wace dabara ce, ba za ta ƙirƙiro fili inda babu ba. Muna bukatar gida ɗaya fanko a kowane gefen ƙofar.

Na sami Kawu bayan la'asar. Na ce, "Kawu, alfarma nake nema. A janye jerin sabulun nan na gefen ƙofa, da na taliya ta ciki." Ya dubi wurin, ya dube ni, ya ce, "Malam, ka san kowane taku a ɗakin nan kuɗin haya ne?" Na ce na sani. Ya yi shiru, sannan ya ce a janye, amma in kayan azumi suka iso zai karɓi wurinsa. Muka shafa wa gidajen biyu ruwan ɗorawa, muka sa musu suna maraɓa.

Inda gizo ke saƙa

Yanzu ba karo, ba maƙalewa. Amma har yanzu huɗun ba su fi biyu da wani abin kirki ba. Kallo ɗaya za ka yi ka ga dalili: kullum akwai layi a bakin ƙofa, uku na jiran juna, alhali ga ayyuka a ɗakin gaba ba mai yi.

Na kwana biyu ina juya abin kafin na ga cewa laifin na wannan lambar ce guda da ke wucewa daga masu hanya zuwa masu rabo. Dabarar Kuhn ba ta yi kuskure ba, amsar tambayar da aka yi mata ta bayar. An ce mata daga Ja zuwa kantar madara gida 9 ne, ta yarda. Amma gida 9 ne in Ja shi kaɗai ne a siton. In an riga an tura Kore da Shuɗi ɗakin baya, tafiyar Ja ta zama 9 haɗe da jiran mutum biyu a ƙofa. Wato tsadar aikin Ja ba a hannun Ja da kantarsa kaɗai take ba, tana rataye da abin da aka bai wa sauran. Ba ka sanin tsada sai ka san hanya, ba ka sanin hanya sai ka san rabo, ba ka yin rabo sai ka san tsada. Ni kuwa na ɗauki abu guda mai zagaye na yanka shi biyu na miƙa wa ƙungiya biyu.

Na tambayi Baba yadda yake yi in oda ta zo. Ya ce shi ba ya tura fiye da mutum biyu ɗakin baya, ko da duk kayan can suke. Na ukun gara ya ɗauko na gaba ko da ya fi masa nisa. Bai taɓa raba "wa" da "ta ina" ba, a numfashi ɗaya yake yanke su.

Da ɗaliban jami'ar suka shiga neman abin karantawa, sai suka dawo da sunan da ya faranta mana rai. Ɗaya daga cikin rubuce-rubucen da ake yawan komawa gare su a wannan fanni na 'yar Ghana ce, Dakta Ayorkor Korsah ta Jami'ar Ashesi da ke Berekuso, wadda ta yi digirinta na uku a Carnegie Mellon. A 2004 Gerkey da Matarić sun kasa matsalolin rabon aiki bisa tambayoyi uku: inji na yin aiki ɗaya ne ko da yawa a lokaci guda, aiki na bukatar inji ɗaya ne ko da yawa, kuma rabon na yanzu-yanzu ne ko har da na gaba. A 2013 ita da Anthony Stentz da Bernardine Dias suka ƙara abin da ya rage, wato yadda ayyukan ke rataye da juna: akwai inda ba ruwan wani da wani, akwai inda aikin inji ke shafar sauran ayyukansa shi kaɗai, akwai kuma inda jadawalin wannan ke shafar na wancan. Dabarar Kuhn ta rukunin farko ce. Ƙofar Kawu ta jefa mu rukuni na uku ba mu sani ba.

Abin da muka koma yi ciniki ne, kuma ɗan Zango ba a koya masa ciniki. Tunanin ya samo asali daga tsarin kwangila tsakanin kwamfutoci da Reid Smith ya wallafa a 1980. Madugu ya yi shelar aiki ɗaya. Kowane inji ya yi tayi, tayin kuma ba nisa ba ne, lokacin da zai sauke katan ɗin a get ne, bayan ya duba littafin kamu ya lissafa duk jiran da zai yi. Saɓanin kasuwa, nan mai ƙaramin tayi ake sallama wa. Da an sallama, sai a rubuta hanyarsa a rajista, sannan a yi shelar aiki na gaba. To tunda ƙofa ta riga ta kamu, tayin na uku a kan kayan ɗakin baya sai ya yi sama da kansa. Ranar farko da muka gwada, muna tsaye muka ga biyu sun nufi ciki, biyu sun watsu a ɗakin gaba. Ba mu rubuta dokar Baba ta mutum biyu a ko'ina ba, daga lissafin ta fito. Mun kuma bar wanda ke kan aiki ya yi tayi a kan na gaba, domin sau da yawa mai shirin saukewa kusa ya fi wanda ke zaune nesa. Da haka zaman banza irin na Fari ya ƙare.

Cinikin ba shi da tabbacin da dabarar Kuhn ke da shi. Tunda ɗaya-ɗaya ake shela, tsohuwar matsalar madara da sabulu na iya dawowa. Abin da muka ƙara shi ne musaya: bayan kowane zagaye Madugu ya duba ko akwai biyu da in suka yi canjin aiki za a fi saurin gamawa, muddin ba a ɗora musu kaya ba tukuna. Ba cikakken magani ba ne, amma ya kama mafi yawan irin wannan. A ganina, amsa mai kyau ga tambayar gaskiya ta fi amsa mafi kyau ga tambayar da ba ita ce a ƙasa ba.

Saura abu ɗaya da Kawu ya nuna mana ba tare da ya san ya nuna ba. Muna murnar jimlar tafiya ta ragu, shi kuwa idonsa na kan get. Mai aboboyaa ba ya tashi sai katan na ƙarshe ya hau. In rabo ɗaya ya ba da tafiyar 2 da 10, wani ya ba da 7 da 7, na farko ya fi ƙarancin jimla, 12 a kan 14, amma direba zai jira har 10 maimakon 7. Mu batir muke tattalawa, Kawu lokacin direba yake tattalawa, kuma nasa ne ke kawo kuɗi. Sai muka sauya ma'auni, muka kuma sa Madugu ya riƙa fara shela da kaya mafi nisa.

Wannan ya haifar da wani rikicin. A lodi mai nauyi ke zama ƙasa, tumatir kafin biskit. Ga shi tumatir na ɗakin gaba, biskit na can ƙurya. In an fara da na nesa, biskit zai riga isowa. Mun rubuta doka cewa mai kaya maras nauyi ya jira a get har masu nauyi su iso, sai muka samu inji tsaye da biskit a ka ya toshe wurin saukewa. Yaran na shirin rubuta wani sabon lissafi, Kawu ya aika aka ɗauko benci daga shagon maƙwabci ya ce a riƙa ajiye marasa nauyi a kai har lokacinsu ya yi. Magana ta ƙare.

Dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki, ma ya ba mu nasa darasin sau ɗaya. Wuta ta ɗauke, kwamfuta na da batirinta, amma kyamarori da na'urar wayfai suka mutu, injinan suka ci gaba da umarnin ƙarshe da suka ji har Kore ya daki kanta. Yanzu duk wanda ya yi daƙiƙa biyu bai ji muryar Madugu ba, tsayawa yake a gidan da yake, kyamarorin da wayfai kuma mun ɗora su kan batirin mota.

Inda muke yanzu

Uku sun fi biyu a fili. Na huɗu ɗan abin da yake ƙarawa kaɗan ne, kuma na tabbata na biyar ba zai ƙara komai ba, domin ƙofar ce ke yanke yawan katan ɗin da zai fito daga ciki, ba yawan injina ba. Duka huɗun kuma ba su kama ƙafar 'yan dako biyu ba. Mutum na ɗaukar katan uku a tashi ɗaya, ya ɗora wa kansa, ya sauke wa kansa, ya gifta ɗan'uwansa da kalma ɗaya.

Duk da haka Baba ya tare ni wata Lahadi muna naɗe wayoyi. Ya ce, "Ticha, yau ba su iya ba. In sun iya fa, yaran nan nawa ina za su?" Ban ɗauki tambayar da wasa ba, ba kuma zan ce masa ba abin damuwa ba ne, domin ni na kawo injinan cikin wurin cin abincinsa. Na faɗa masa abin da na sani: a sito irin na Kawu, mai ƙasa ba daidai ba, mai kaya jibge har rufi, injin da zai maye ɗan dako ya fi ƙarfin aljihun mai sito nesa ba kusa ba. Na kuma roƙe shi ya turo mana ƙaramin ɗansa da ke taya shi dako ranar Asabar. Ya turo shi. Yaron ne yanzu ke riƙe da littafin kamu, kuma shi ya lura cewa komawa caji ma aiki ne da ya kamata a yi shelarsa a yi tayi a kai, maimakon a bar inji ya mutu a tsakiyar layi ya toshe kowa. A kan wannan muke a yanzu.

Kayan azumi sun fara isowa makon jiya. Kawu ya karɓi maraɓar ɗakin gaba, an jera katan ɗin madara a kan fentin. Ta ciki ya ce a bar ta, domin tun da aka buɗe wurin 'yan dakonsa ke raɓewa a nan in mai kaya zai fito, Baba kuma ya ce kada a taɓa. Ranar Lahadi za mu sauya taswirar Madugu, mu mayar da wurin jiran masu shiga can baya kusa da kantar sabulu, gida huɗu daga ƙofa, mu ga nawa hakan zai ƙara wa kowane tayi.